Ubad: yadda mutanen Filifin ke fitar da miya daga cikin jikin ayaba

Duk manomin ayaba ya san cewa ranar da ya yanke nonon ayabarsa, ranar uwar ta gama aikinta. Ba za ta sake haihuwa ba. Sai ya sa adda ya kayar da ita, domin 'ya'yan da suka toho a gindinta su samu rana da sarari. A yawancin wuraren da ake noman ayaba, gangar nan tana nan yashe har ta ruɓe, ko kuma a daddatsa ta a zuba wa dabbobi. A tsibirin Panay da ke tsakiyar ƙasar Filifin kuwa, in an kayar da ita akwai sauran aiki. Mutum zai durƙusa ya dinga ɓare ta, ɓawo bayan ɓawo, kore ya wuce, ruwan ɗorawa ya wuce, har ya isa ga wata farar sanda mai santsi da ke can tsakiya, wadda kaurinta bai cika wuce na damtsen hannu ba. Ita ce ake kira ubad. Da ita ake miyar kazar da mutanen lardin Aklan ke tinƙaho da ita, da ita kuma mutanen Iloilo ke haɗa romon wake da kaza.

Kafin a kai ga tukunya sai an fara gyara wata fahimta. Ayaba ba itace ba ce. Duk tsayin nan nata, babu katako ko kaɗan a jikinta, kuma a lissafin masana tsirrai ta fi kusa da citta a kan mangwaro ko lemo. Abin da muke gani a tsaye muna ce masa gangar jiki, gindin ganyaye ne suka rungumi juna, kowane ɗaya ya lulluɓe na cikinsa, kamar yadda albasa take in an raba ta biyu. Ainihin jikin ayaba yana cikin ƙasa, dunƙule ne mai kama da kan gwaza. Daga nan kowane sabon ganye yake tasowa, ya bi ta tsakiya a naɗe kamar tabarma, ya fito ta ka, ya buɗe. Idan shukar ta yi ganye iya yinta, sai dunƙulen ya daina turo ganye, ya turo sandar fure. Sandar tana bin wannan hanya ta tsakiya tun daga ƙasa har sama, ta leƙo, ta sunkuyo da fure, furen ya zama 'ya'ya.

Wannan ne ya sa tsakiyar ayaba iri biyu ce, gwargwadon lokacin da aka sare ta. Wadda ba ta kai ga fure ba, abin da ke cikinta jariran ganyaye ne a naɗe, masu taushi ƙwarai, in an yanka sai a ga zobe cikin zobe. Wadda ta riga ta haihu, abin da ke cikinta sandar furen ce, dunƙulalliya, fara fat, mai ƙaras-ƙaras a baki, cike da zare. Duka biyun ana cin su a nahiyar Asiya. Amma lissafinsu daban ne a wurin manomi. Wanda ya sare ƙaramar ayaba ya yafe nonon da za ta ba shi, sai dai in dama 'ya'yan sun yi yawa a gindi ɗaya yana son rage su. Wanda ya ciro sandar daga uwar da ta gama haihuwa bai yi asarar komai ba, ƙari ya samu.

Akwai kuma rikicin suna, kuma har 'yan ƙasar yana ruɗa su. Filifin tana da tsibirai fiye da 7,600 da harsuna fiye da 100. A harsunan yankin Bisayas ta Yamma, wato Hiligaynon da Aklanon da Kinaray-a, ubad na nufin wannan totuwa ta ayaba. A harshen Tagalog na Manila kuwa akwai kalmar ubod, wadda galibi ake nufin zuciyar bishiyar kwakwa da ita, wato farin toho mai zaƙi-zaƙi da ke can ƙololuwar bishiyar, wanda ake naɗewa a wani siririn fanke a yi abincin da ake kira lumpiang ubod. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma bambancin yana da nauyi. Kafin a ci ubod sai an kashe bishiyar kwakwar da za ta iya shekara da shekaru tana ba da 'ya'ya. Ubad kuwa daga jikin abin da kwanansa ya riga ya ƙare ake ciro shi.

Ba kowace ayaba ake nema ba. Wadda masu girki suka fi so ita ce saba, wata gajeriyar ayaba mai kusurwa-kusurwa da kaurin ɓawo, wadda ake dafawa ko a soya, kamar yadda ake yi da agade. Ita ce ake soyawa da jan sukari a tsire a tsinke a sayar a bakin titi, ita ake naɗewa a soya a yi turon. Shukarta ƙatuwa ce, tana iya wuce mita 6, tana jure fari fiye da sauran, kuma ba ta son hidima mai yawa, shi ya sa ake ganinta a bayan gidaje da gefen gonakin shinkafa. Girmanta yana nufin sandar cikinta tana da kauri, kuma baurinta bai kai na wasu ire-iren ba. Gidan da yake da saba a bayan ɗaki yana da ganyen naɗe abinci, yana da 'ya'ya, yana da furen nan mai launin jan garura da suke kira puso ng saging, wato zuciyar ayaba, wanda shi ma kayan miya ne. Ubad shi ne kyauta ta ƙarshe da shukar ke bayarwa.

Manyan gonakin ayabar da Filifin ke fitarwa zuwa Japan da Sin da ƙasashen Larabawa ba su cikin wannan zance. Waɗannan suna kudu, a Mindanao, musamman wajen Davao, kuma irin Cavendish ake shukawa, ana yi masa feshin magani akai-akai, har da na jirgin sama. Ubad abincin bayan gida ne da ƙaramar gona.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma a ganina nan ne dukan sirrin. Sandar da aka ciro ba ta ciwuwa haka nan. Tana da matsala uku, kowace kuma da maganinta.

Ta farko ruwanta. Ayaba tana da wani ruwa mai danƙo wanda in ya taɓa riga ba a ganinsa da farko, sai an wanke sannan tabo mai ruwan ƙasa ya bayyana, kuma sabulu ba ya fitar da shi. Yana baƙanta yatsu, yana baƙanta wuƙa. Shi ya sa mai aikin kan sa tsofaffin kaya, ta shafa ɗan mai a hannu. Ruwan ne kuma yake ɗauke da baurin da ke ɗaure harshe, irin wanda ake ji in an ciji ɗanyar ayaba.

Ta biyu saurin sauya launi. Da zarar an yanka, iska ta taɓa wurin, sai farin ya fara komawa ruwan ƙasa, kamar yadda yalo ko dankalin Turawa ke yi in an yanka an bari. Sinadaran da ke cikin ƙwayoyin shukar ne suke haɗuwa da iska. Maganin shi ne kada a ba su dama: ana ajiye kwanon ruwa a gefe, an zuba gishiri, ko ruwan tsami, ko an matsa ɗan ƙaramin lemun tsaminsu mai suna kalamansi, duk yankan da ya bar wuƙa sai ya faɗa ciki. Tsami yana rage ƙarfin sinadarin, ruwa kuma yana tare iska.

Ta uku, wadda ta fi cin lokaci, ita ce zaren. In aka yanka sandar ƙwaya-ƙwaya kamar kuɗin ƙarfe, aka ɗaga yanki ɗaya, sai a ga wasu siraran zarurruka suna biyo shi, suna miƙewa kamar saƙar gizo-gizo ba su tsinke ba. Asalinsu abin sha'awa ne. Bututun da ke kai ruwa sama a jikin ayaba an ƙarfafa bangonsu da wani zare da ya murɗe kamar sifirin, don kada su lotsa. In wuƙa ta raba bututun, sai murɗin ya warware. Ba guba ba ne, amma in an bar su suna taruwa a miya su zama kamar auduga, su maƙale a haƙori da maƙogwaro. Mai yanka takan naɗe su a ɗan yatsanta bayan kowane yanka, har yatsan ya yi rawani, ta zare ta yar. Bayan an daddatsa ƙanana an zuba a ruwa, sai a sa tsinken gora ko cokali mai yatsu a dinga juyawa, sauran zaren ya dinga naɗewa a jiki. Ana yi ana sharewa har tsinken ya fito fes.

Daga nan sai a tsame, a barbaɗa gishiri, a murza da hannu sosai, a matse. Gishirin yana janyo ruwan baurin waje, yana kuma sa yankan ya ɗan yi laushi. A ɗauraye, a sake matsewa. Wasu sukan maimaita sau biyu ko uku, suna ɗanɗanawa. Abin da ya rage a hannu bayan duk wannan ya ragu ƙwarai a kan abin da aka fara da shi, fari-fari, ba ƙamshi, ba wani ɗanɗano na a zo a gani.

Mai karatu zai iya tambaya: to wahalar me ake sha a kan abin da ba shi da ɗanɗano? Amsar tana cikin yadda sandar take a ciki. Ubad cike yake da 'yan ƙananan ramuka kamar soso. Da aka matse ruwansa aka fitar, an bar masa gurbi, kuma duk romon da aka jefa shi ciki zai shanye ya cika ramukan. Ga shi kuma ba ya narkewa a wuta kamar kabewa, ba ya yauƙi kamar kuɓewa. Ko ya dahu yana riƙe da ɗan ƙaras ɗinsa. Sai ya zama kowace loma in an tauna tana fashewa da romon kaza da kwakwa. Wanda ya san daɗin ragadada zai gane abin da ake nufi da abinci wanda rabin daɗinsa a taunawa yake.

Abincin da ya fi fito da wannan shi ne inubaran, ko inubarang manok, na mutanen Aklan. Sunan kansa bayani ne. A harsunan Filifin ana gina sunan abinci daga abin da aka dafa shi da shi: gata madarar kwakwa ce, abin da aka dafa da ita ginataan, ubad, abin da aka dafa da shi inubaran. Manok kuma kaza. Ma'anar dai kazar da aka yi wa ubad.

Kazar da ake so ta gida ce, mai kiwon kanta, kuma a Panay suna da irin tasu da suke kira darag. Dalilin ɗaya ne da wanda ya sa ake fifita kazar Hausa a kan ta gidan gona in za a yi farfesu: namanta yana da tauri, yana buƙatar lokaci a wuta, amma romonta ya fi ƙarfi. Ana fara soya citta da tafarnuwa da albasa, a zuba kazar a juya har ta kama, a sa gishiri ko patis, wani ruwan kifi mai gishiri da suke ɗanɗana miya da shi. Sai a ɗauko tanglad, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da wasu ke jefawa a shayi, a daddaka gindinta, a ƙulla ta ƙulli ɗaya a jefa, don a iya tsame ta daga baya.

Madarar kwakwa kuma hawa biyu ce, kuma wannan ƙa'ida ce da duk mai girkin Filifin ya sani. Ana kankare cikin busasshiyar kwakwa a kan wani ɗan benci mai haƙoran ƙarfe a baki, a matse tatsar farko ba ruwa ko da ɗan kaɗan. Wannan ita ce kakang gata, mai kauri da maiƙo, ana ajiye ta gefe. Sai a zuba ruwa a tuƙar a sake matsewa, a samu ta biyu mai ruwa-ruwa. Ta biyun ake dafa kazar da ita, domin tana jure doguwar wuta. In naman ya kusa, sai ubad ya shiga, ya samu kamar minti 15 zuwa 20 yana shan romo. Mai kaurin sai a ƙarshe, a kan wuta kaɗan, domin in ta tafasa da ƙarfi takan tsinke, mai ya ware gefe. Barkono kuma gwargwadon bakin masu gida.

Saura abu ɗaya, wanda in babu shi miyar za ta yi nauyi ta gundure: tsami. Mutanen Filifin masu son tsami ne a miya, kuma kowane yanki da abin da yake tsamantawa da shi. A Aklan ana amfani da ganyen wata bishiya da ake kira libas, ko 'ya'yan batuan. Libas 'yar'uwar tsadar Masar ce, jinsinsu ɗaya. Batuan kuwa wani koren ɗan itace ne mai tauri, ɗan dunƙule, kuma abin mamaki jinsinsa ɗaya da namijin goro, sai dai shi tsami ya ɗauko maimakon ɗaci. Tsaminsa mai sanyi ne, ba ya dukan harshe kamar lemun tsami, kuma shi ne tambarin girkin Panay da maƙwabcinsa tsibirin Negros. Idan tsamin nan ya haɗu da maiƙon kwakwa da zafin citta, aka zuba a kan farar shinkafa, an gama. A Filifin shinkafa ce abinci, duk sauran mahaɗi ne, ulam a bakinsu, don haka ake yin miyar da ɗan ƙarfin gishiri da romo wadatacce.

A kudancin tsibirin, a Iloilo, an bi wata hanya. Can abincin sunansa kadyos, manok kag ubad, wato wake da kaza da ubad, har ana taƙaita shi da haruffa uku, KMU. Kadyos wake ne da ke fitowa a jikin ɗan ƙaramin itace maimakon yaɗo, shi ne wanda Ibo ke kira fiofio. Irin na Panay baƙi-baƙi ne, in an dafa yana rina romon ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. A nan galibi ba a sa kwakwa. Romo ne tsararo: a dafa waken har ya yi laushi, kaza ta shiga, tanglad ya shiga, ubad ya biyo, a rufe da ganye, ko na dankali ko malunggay, wanda ba wani abu ba ne illa zogale. Farin ubad yana ɗaukar launin waken, ya fito kamar an rina shi.

A nan akwai abin lura ga Musulmin da tafiya ta kai shi can. KMU yana da ɗan'uwa da ya fi shi suna, KBL, kuma harafin B ɗin nan baboy ne, wato alade, L kuma langka, wani ƙaton ɗan itace da ake dafa ɗanyensa. Wake ɗaya, launi ɗaya, nama daban. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa birnin Iloilo cikin jerin biranen da suka yi fice a harkar girki, kuma da yawa daga abincin da birnin ya yi suna da su akwai alade a ciki, don haka tambaya kafin ci wajibi ce. Ubad kansa tsiro ne, babu abin ƙi a jikinsa, kuma manyan miyansa biyu na kaza ne.

Bayan waɗannan biyun, ana jefa shi a cikin koren waken nan ƙanana da suke kira monggo, ana dafa shi da kwakwa da busasshen kifi ko jatan lande, duk dai inda ake son abin da zai sha romo.

Sau da yawa in ana bayanin irin wannan abinci sai a yi masa laƙabi da abincin talaka ko abincin yunwa. Ban yarda da wannan kai tsaye ba, ko da yake akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Gaskiyar ita ce ubad yana da auki. Kaza ɗaya ta gida ba ta isar mutum goma, amma in an haɗa ta da ubad mai yawa wanda ya sha romonta, kowa zai samu abin taunawa mai ɗanɗanon kaza. Gaskiya ne kuma ƙasar tana shan mahaukaciyar guguwa, kusan 20 ke shigowa yankinta a kowace shekara, kuma ayaba ce farkon faɗuwa saboda saiwarta ba ta nisa, ganyenta kuma yana tare iska. Guguwar Haiyan, wadda suke kira Yolanda, ta ratsa arewacin Panay ranar 8 ga Nuwamba 2013 bayan ta ɗaiɗaita tsibiran Samar da Leyte. Ayabar da iska ta kayar kafin 'ya'yanta su ƙosa ta yi asarar nononta, amma cikinta yana nan yana ciwuwa. Mutanen da ke zaune a irin wannan wuri dole su san amfanin abin da ya faɗi.

Sai dai a duba abin da ake haɗa shi da shi. An yanka kaza, an fasa kwakwa an kankare an tatsa, an je neman ganyen tsami, wani ya zauna ya ɓata lokaci yana cire zare ɗaya bayan ɗaya. Mai jin yunwa ba ya wannan. Wannan hidimar baƙo ce, hidimar taro, irin girkin da ake yi in 'yan'uwa sun dawo gida, kamar lokacin bikin Ati-Atihan da ake yi a Kalibo, babban garin Aklan, a watan Janairu. Kayan ba su da tsada, amma hannun da ya san yadda zai sarrafa su shi ne mai tsada, kuma ba a koyonsa sai a gefen wadda ta iya.

Ina yawan tunanin cewa ba banza ba ne wannan haƙuri da zare ya zauna a Aklan. Lardin ne ya shahara da saƙar piña, wani lallausan yadi da ake yi da zaren da ake kankarowa daga ganyen abarba, a ƙulla shi sili-sili da hannu, wadda ita ma UNESCO ta sa cikin al'adun da ake karewa a 2023. Ƙasar ce kuma gidan abaka, wata 'yar'uwar ayaba da ba a cin 'ya'yanta, ana nomanta don zaren ɓawon jikinta kawai. Da shi aka yi igiyoyin jiragen ruwa na da, yau kuma ana yin takardar kuɗi da jakar ganyen shayi da shi, kuma Filifin ce ke samar da mafi yawansa a duniya. Mutanen da suka san jikin ayaba har haka, sun san inda zare yake da amfani da inda ya kamata a cire shi.

Ba su kaɗai suka gano wannan abinci ba. A kudancin Indiya Tamilawa suna kiransa vazhaithandu, suna soya shi da kwakwa ko su matse ruwansa su sha. A Bengal sunansa thor. A Myanmar yana cikin mohinga, romon kifi da taliyar shinkafa da ake karyawa da shi. A arewacin Tailan akwai miyar kaeng yuak, a Bali da Lombok na Indunusiya akwai ares. A Afirka kuwa, Habasha ta wuce kowa: can akwai enset, mai kama da ayaba, wanda ake kankare jikinsa da dunƙulensa a binne su yi tsami a yi kocho, abincin yau da kullum na mutane wajen miliyan 20. Sai dai enset don garinsa ake cinsa, shi ne tuwon. Ubad kayan miya ne.

Wannan ya kawo mu ga maganar lafiya, inda ake yawan zuzutawa. Mafi yawan nauyin ubad ruwa ne, sai harza mai taimaka wa hanji, sai sinadarin fotasiyam. Ba ya da maiƙo, ba ya da wani ƙarfin gina jiki, kaza da wake da kwakwa ne ke ɗauke da wannan nauyin. Yana cika ciki ba tare da ƙara ƙiba ba, wannan gaskiya ne. A maganin gargajiya na Indiya ana ba masu tsakuwar ƙoda ruwansa, kuma daga nan maganar ta bazu a intanet har ta zama kamar tabbas. Al'ada ce ta magani, ba hukuncin asibiti ba, kuma wanda ƙodarsa ta riga ta raunana shi ne ma aka fi gargaɗi da yawan fotasiyam, don haka kada ya ɗauki wannan a matsayin magani ba tare da likitansa ba. Mutanen Aklan da Iloilo dai don daɗi suke ci.

Abin da ya hana ubad yaɗuwa kamar sauran abincin Filifin ba ɓoyayye ba ne. Shuka ɗaya sanda ɗaya take bayarwa, sau ɗaya, bayan fiye da shekara ana jira. Gangar tana da nauyi, ɗaukarta zuwa kasuwa wahala ne, in kuma an ɓare ta kwana kaɗan take yi ta baƙanta ta yi laushi. Shi ya sa a kasuwannin Panay ake samunsa, wani lokaci a sanda, wani lokaci an riga an yanka an gyara, amma a Manila sai an nema. 'Yan yankin da ke aiki a ƙasashen waje sukan musanya shi da zuciyar kwakwa ta gwangwani, miyar ta yi daɗi, sai dai zaƙin ubod da laushinsa ba su ba da wannan ƙaras ɗin da shan romon. Ta ɓangaren gona kuma babu asara, tunda tsakiyar kawai aka ɗauka, ɓawon da ya fi yawa yana komawa gindin 'ya'yan ya riƙe musu laima ya zama taki.

Mai ayaba a lambu ko a fadama da yake son gwadawa, ranar yanke nono ita ce ranar. A tabbata ba a yi wa shukar feshi kwanan nan ba, kuma lafiyayya ce: in an tsaga aka ga jan layi ko baƙi a ciki, ko wari, a bar ta. A ɓare har sai an kai inda ɓawo ya daina rabuwa, a yanka a ruwan gishiri da lemun tsami, a cire zare, a murza, a matse, a ɗanɗana ɗan yanki, domin bauri ya danganta da irin ayabar, wata sai an tafasa an zubar da ruwan farko. Batuan da libas ba sa samuwa a nan, amma tsamiya kaɗan ko 'yan ganyen yakuwa za su tsaya a gurbinsu, a sa su da sauƙin hannu don kada su danne kwakwar. Kazar ta zama ta gida, madara mai kaurin kuma a jira sai an kusa saukewa.